Damanar da Na Ajiye Sahabi a Benci

Bana ruwa ya yi mana irin halin nan nasa. Ya sauka sau biyu, muka yi shuka, gero ya fito ya kai tsawon ɗan yatsa, sai sama ta bushe kamar an share ta da tsintsiya. Da hantsi ganye ya nannaɗe. Da la'asar hadari ya haɗu ta gabas, ya yi baƙi, ya yi ta gurnani, sai iska ta kwashe shi ta yi Gummi da shi. Mutane na ta magana. Ni dai ba na cewa komai, don na taɓa ganin irin wannan damana, kuma na ga ƙarshenta.

Jiya ina zaune ƙofar gida ina shafa wa gwiwata man zafi, sai ga ɗana Nasiru, fuska a murtuke.

"Baba, Koci Sahabi ya cire ni. Wasan Juma'a ba ni ciki."

Na yi dariya har tari ya sarƙe ni. Yaron ya tsaya yana kallona kamar na taɓu. Bai san abin da sunan nan ya tono mini ba. Aji huɗu na tsaya a boko, ba ni da rubutu mai kyau, amma wannan zan rubuta shi yadda ya faru.

Shekara ashirin da ɗoriya ke nan. Garinmu yana tsakanin Bukkuyum da Gwashi. Kakar da ta gabata tsuntsaye sun riga mu girbi, saboda haka tun kafin ruwan farko rumbuna sun fara amsa kuwwa. Inna ta koma tuƙa tuwo sau ɗaya a rana. Da safe kunu ne wanda kake ganin gindin ƙwarya ta cikinsa. Da rana kwaɗon tafasa ko na rama, in an samu ƙuli a barbaɗa, in ba a samu ba gishiri ya isa. Yunwar damana ba ta kayar da mutum lokaci ɗaya. A gwiwa take zama, sai ka sunkuya ka tashi ka ga wuta-wuta a idonka. Ga zafi mai ɗanko, wanda ko a inuwa riga sai ta manne maka.

A lokacin ni ne kocin ƙungiyar ƙwallon garinmu. Ba wanda ya naɗa ni. Gwiwata ce ta goce a wani wasa a Anka, na daina bugawa, usur kuma yana hannuna, shi ke nan na zama Garba Koci. Filin da muke wasa a bayan gari yake, kusa da wata tsamiya, kuma ba namu ba ne. Na Baba Alu ne, wani dattijo mai gonaki da yawa da magana kaɗan. Shi ya ara mana tun muna yara.

Wata safiya ya aika a kira ni. Na same shi yana gyaran ƙotar hauya, ko ɗaga kai bai yi ba.

"Garba, mi ƙwallon ga ta taɓa zuba ma wani cikin akushi?"

"Ba ta zuba komi ba, Baba."

"To. Ɗiyana sun ce a sa galma a hilin ga a shuka wake, tunda wake bai makara ba. Ni kau ban ga laihinsu ba. An ce mutanen Gummi na tahe?"

"Nan da mako ukku, Baba."

"Sau nawa sunka ci ku?"

"Sau ukku."

"In kun ci su, in bar muku hili. In ba ku ci su ba, kada in ji bakin kowa."

Na ce na gode, na tashi. Ban san abin da na gode wa ba. 'Yan Gummi 'yan birni ne a wurinmu. Suna da takalman ƙwallo, suna da jesi iri ɗaya, suna da 'yan gaba biyu masu gudu kamar an koro barewa. Ni kuwa ko atisaye ba na iya tarawa, don lokacin noman farko ne, kowane uba ya riƙe ɗansa a gona daga asuba har rana ta yi ja. Kuma suna da gaskiya. Ciyawa ba ta jiran a tashi daga ƙwallo.

Na yi kwana biyu ina juya abin. A na uku na bi gidajen 'yan wasana ɗaya bayan ɗaya, na durƙusa gaban iyayensu. Na ce ga shawara: 'yan wasana sha takwas ne, mu zama 'yan gayya. Kullum da asuba mu faɗa gonar uban ɗayanmu, mu nome ta tas kafin azahar. Ba ma son a dafa mana komai, mun san halin da ake ciki. Abin da muke roƙo kawai, in an yi la'asar a sakar mana yaran su zo fili. Har da gonar Baba Alu na sa a layi, ko da yake ba shi da ɗa a cikinmu.

Iyaye suka yarda. Ni kuma na tara 'yan wasa ƙarƙashin tsamiya na faɗa musu magana ɗaya: wanda bai yi noma ba, ba ya buga wasan Gummi. Kowa ya ce ya ji.

Haka muka fara. Da an sallame asuba sai ka ji ƙarar hauyoyi suna karo a bakin gari. Nomau makaɗi, wanda ya gaji gangar noma, ya ce shi ma zai bi mu don Allah, tunda ba mai gayyar da zai kira shi a shekarar. Buba, golanmu, daga ruga yake tahowa da gorar nono da Innarsa ke ba shi. Mu tsinka shi da ruwa a babbar ƙwarya har ya koma fari kawai, a zagaya kowa ya kurɓa. Buba bai iya noma sosai ba, yakan sare gero tare da ciyawa, ana ta yi masa tsiya, amma ko rana ɗaya bai fasa ba.

Ni gwiwa ta hana ni sunkuyo mai tsawo, don haka nakan bi bayansu ina tsince abin da suka tsallake. A nan na san 'yan wasana fiye da yadda na san su a fili. Akwai mai fara layi da wuta, kafin tsakiya ya fara neman inuwa. Akwai mai rufe ciyawa da ƙasa ya wuce. Akwai kuma Labbo, wani ƙato mai nauyin jiki, wanda bai taɓa riga kowa kai ƙarshen layi ba, amma in azahar ta yi shi kaɗai ne hauyarsa ke sauka kamar yadda ta fara.

A nan kuma na samu dabarar da nake nema. Wasu huɗu daga cikinsu kullum kafaɗa da kafaɗa suke tafiya, ba mai wuce wani. In Nomau ya juya kiɗa zuwa mai zafin nan, sai su zabura gaba tare kamar igiya ɗaya ta ja su. Na tsaya ina kallonsu, na ce a raina, ai ga 'yan bayana nan. Ba za su iya tsere da 'yan gaban Gummi ba, to kada su yi tsere. Su tsaya sahu ɗaya. In ana shirin jefo ƙwallo ta bayansu, Nomau ya juya kiɗa, su taka gaba tare, masu gudun nan su tsinci kansu cikin satar gida. Huɗu a baya, biyar a tsakiya, ɗaya a gaba. Kullum bayan la'asar muka yi ta maimaita wannan da cikinmu a rarake, har ya zama ko a hanya Nomau ya taɓa ganga sai ka ga ƙafafunsu sun motsa.

Saura mutum ɗayan nan na gaba. Kowa ya san wurin Sahabi ne.

Sahabi shi ne lamba taranmu, kuma ban ga irin ƙafarsa ba har yau. Kabu-kabu yake yi tsakanin garinmu da Bukkuyum. Atisaye yana zuwa, gona kuwa sau ɗaya ya zo, shi ma bai sauko daga kan babur ba.

"Sahabi, ga hauya."

"Haba Koci. Ƙafar ga ba ta gona ba ce. Ku yi noma, ni in ci muku ƙwallo, an raba aiki."

"Ka ji abin da na ce ƙarƙashin tsamiya?"

"Na ji. Wa za ka sa? Labbo?"

Ya yi dariya, har wasu suka taya shi. Don in yi masa adalci, babur ɗin nan shi ke ciyar da gidansu. Na ce masa ya zo ko daga asuba zuwa hantsi ne, kafin fasinja su fito, ya isa. Ya ce to. Bai zo ba.

Ana cikin haka ruwa ya ɗauke. Muna noma ƙura na tashi. Gero ya yi toka-toka, da rana ya kwanta kamar marar lafiya. Aka fita roƙon ruwa sau biyu. Mu dai ba mu fasa ba, don Baba Alu da kansa ya ce gonar da aka nome ta fi jure fari.

Ranar Alhamis na kira sunaye goma sha ɗaya. Da na zo na ƙarshe na ce, "Gaba, Labbo." Shi kansa Labbo ya waiwaya ko akwai wani Labbo. Sahabi ya dube ni, ya kaɗa makullin babur, ya tafi. Kafin magariba gari ya ɗauka. Ko Inna da ba ta san gaban ƙwallo da bayanta ba, da ta miƙo mini tuwo sai ta ce, "Kai da gurguwar ƙafa, ka hana mai ƙafa. Allah ya sa ka san abin da kake yi." Na ce amin.

Juma'a bayan la'asar 'yan Gummi suka iso cikin bas, da takalmansu, da magoya baya, da nasu makaɗin. Alƙalin wasa wani malamin makaranta ne daga Anka, ya zo da masu tuta biyu, don kada a ce an yi son kai. Gari duk ya fito. Baba Alu ya sa aka kawo masa kujera ƙarƙashin tsamiya, ɗiyansa tsaye bayansa. Sahabi ya zo ya zauna a kan gungumen da muke kira benci, takalmansa a hannu.

Da farko abin ya tafi kamar a mafarki. Su ɗaga ƙwallo, Nomau ya juya kiɗa, yarana su taka gaba, tuta ta tashi. Suka sake, tuta ta tashi. Suka yi ta yi har kocinsu ya fara zagin mai tuta. Na fara jin kaina wani abu.

Sai wautata ta fito fili. Kiɗan da na zaɓa ba na Nomau ba ne shi kaɗai. Kiɗan noma ne, duk makaɗin da ke ƙasar nan da shi ya tashi. Makaɗin Gummi bai ma san muna wata dabara ba. Ya ga dai mutanensa sun yi sanyi, sai ya saki wannan kiɗan mai zafi don ya zuga su. Biyu daga 'yan bayana suka ji, suka zabura gaba. Biyun da ke kusa da Nomau suka ga hannunsa bai motsa ba, suka tsaya. Sahu ya karye a tsakiya. Ɗan gabansu ya bi ta ɓarakar nan shi kaɗai, ya aje wa Buba ita a kusurwa.

Ɗaya da nema. Haka aka tafi hutu.

Ban taɓa jin suna ɗaya a baki da yawa haka ba. "Sahabi! Koci, sa Sahabi!" Na duba, har ya ɗaure takalmi. Sai ga Baba Alu ya taso da sandarsa, mutane na ba shi hanya.

"Garba, sa yaron."

"Baba, bai yi noma ba."

"Hilin ga nawa ne ko naka?"

"Naka ne, Baba. Amma sha ɗayan ga nawa ne."

Ban san daga ina maganar ta fito ba. Abin da na sani kawai, a gabana ga mutum goma sha bakwai da hannuwansu duk kanta, waɗanda suka yi mako uku suna noma da ruwan nono a ciki saboda maganar da na faɗa. In na janye ta, ko mun ci wasa ba ni da ƙungiya. Baba Alu ya dube ni ya daɗe, ya juya ya koma kujerarsa.

Na ce wa Nomau ya aje ganga. Na ce wa 'yan baya su toshe kunnensu daga kowane kiɗa. To da me za su taka tare? Sai Buba ya ce, "Koci, bar mini. Shanuna ko tsakiyar kasuwa sun san muryata." Ya ɗaga kai ya saki irin kiran nan da yake yi wa garke in za su tashi daga mashaya, wani dogon sauti mai karyewa a ƙarshe. Ba wanda zai iya kwaikwayonsa ko da gangan. Ɗaya daga 'yan bayan ya ce, "Shi ke nan, yau mun zama naggen Buba." Aka yi dariya, ita ce ta farko tun da aka ci mu. Kuma shi gola ai ya fi makaɗi ganin fili, tunda komai a gabansa yake. Da na yi tunani da kyau, da tun farko shi na ba aikin.

Aka dawo. Buba ya kira, sahu ya taka, tuta ta tashi. Makaɗin Gummi ya yi ta dukan fata, ba wanda ya kula shi.

Sai iska ta juya. Na fara jin ta a bayan wuya, mai sanyi, da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Gabas ta yi baƙi ƙirin. Wannan karon hadarin bai wuce ba. Ɗigon farko ya faɗo mini a hannu kamar an jefe ni da tsakuwa, kafin ka ce me ruwa ya ɓarke. Mata suka saki guɗa, ba don ƙwallo ba. Tsofaffi suka ɗaga hannu sama. Alƙali ya ce a ci gaba.

Fili ya zama taɓo. Takalman 'yan Gummi suka ɗebi laka, kowace ƙafa ta zama kamar tubali. Nawa kuwa yawancinsu ba takalmi, kuma mutanen da suka saba tsayuwa a gona ne. Can muka samu kwana. Aka bugo ta, ta faɗi cikin cincirindo ta maƙale a laka. Labbo ya zo da nauyinsa duka, ban san da me ya taɓa ta ba, shi da ƙwallo da wani ɗan Gummi duk suka zube cikin raga. Ɗaya da ɗaya.

Zan faɗi sauran don kada a ce na ɓoye. Dab da tashi, ƙwallo ta kuɓuce ta iske Labbo shi kaɗai, daga shi sai gola. Ƙwallon da Sahabi zai ci ido rufe. Labbo ya ɗaga ƙafa ya narka mata duka, ta tashi ta bi ta saman raga ta faɗa cikin tsamiya. Alƙali ya hura usur. Kunnen doki.

Ba mu ci su ba. Mutane suka watse da gudu suna murnar ruwa, ni na tsaya tsakiyar fili ina kallon turakun da za a tumɓuke.

Da safe Baba Alu ya aiko. Ban iske shi gida ba, aka ce yana gona. Na same shi tsaye a tsakiyar geronsa. Dare ɗaya, amma ganye ya buɗe ya yi shar, layi-layi, ba ciyawa ko ɗaya da za ta raba ruwan nan da shi.

"Ba ku ci ba," ya ce.

"Ba mu ci ba, Baba."

"Wancan ƙaton, ka ce mishi tsamiyata ba ta yi mishi komi ba." Ya nuna gonar da sanda. "Shekara goma gonar ga ba ta ga noma irin wanga ba. Jiya na so in gani ko kai ma irin masu rufe ciyawa da ƙasa ne. In na shuka wake a hili, in ci shi wata biyu ya ƙare. Baɗi wa zai kawo mini ƙattai sha bakwai? Ku riƙe hilinku. Amma duk damana, gayya."

Ranar Litinin muka fita maimai, wato noma na biyu. Muna isa bakin gona muka tarar da babur jingine da wata bishiya. Sahabi na tsaye da aron hauya, ya riƙe ta kamar mai riƙe maciji. Bai ba ni haƙuri ba, ni ma ban nema ba.

"Koci, wane layi zan kama?"

"Na kusa da Labbo."

Kafin azahar hannunsa ya yi ƙulu-ƙulu ya fashe. Bai aje ba.

Yanzu abubuwa sun sake. Gonakin nesa ba kowa ke zuwa ba, kowa ya san dalili. Su Buba sun tashi da rugarsu shekarun baya, sai dai in salla ta zo ya bugo mini waya, kafin gaisuwa ya saki kiran nan, in ce masa sahu ya taka. Nomau da Baba Alu sun riga mu gidan gaskiya. Samari suna cika gidan kallo suna musu kan kocin Turawan da ba su san da su ba, wa ya kamata ya sa, wa ya kamata ya cire. Amma filin yana nan, jikokin Baba Alu ba su taɓa shi ba, kuma duk damana 'yan ƙwallo na fita gayya a gonakin kusa da gari. Sahabi ne ke riƙe da usur.

Da tarin ya sake ni jiya, na tambayi Nasiru, "Gayya nawa ka fasa?"

Ya sunkuyar da kai. "Biyu, Baba. Amma ni na fi kowa cin ƙwallo. Ka yi mishi magana mana, ai yana jin taka."

"Yana ji. Shi ya sa ya cire ka."

"Au, kai ka koya mishi wannan mugunta?"

"Ni ne. Hauya na bayan ƙyaure."

Ya juya ya shige gida. Jim kaɗan na ji ƙarar dutse a bakin ƙarfe, yana wasa ta. Yau da asuba kafin in fito masallaci ya tafi.

Hadari kuwa yanzu ma ga shi can ya haɗu ta gabas. Ban ce komai ba, amma na sa an shigar da tabarma.